San Baba a Kasuwar Tsallake

Ina tuƙa tuwo labarin ya same ni.

La'asar ce. 'Yata Rabi tana kwance a tabarma, zazzaɓi bai gama sakinta ba. Na ji takun mutum a zaure, ba sallama. Na ɗaga kai sai ga Yaya Maharazu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya jingina da bango. Idonsa ɗaya a rufe da kumburi, leɓensa a fashe. Jakar mijina Nu'uman tana rataye a wuyansa.

Na leƙa bayansa. Ba kowa.

"Yaya, ina yake?"

Ya kau da kai.

"Ya tsaya sallamar mai mashin ne? Yaya, magana nake maka!"

"Yelwa..." in ji Yaya. "Jiya bayan Azahar muka yi masa sutura. A can Damagaram."

Muciyar da ke hannuna na ɗaga, da tuwo mai zafi a jikinta, na kwaɗa masa a wuya. Na ƙara. Na sake ƙarawa.

"Kai ka kashe shi! Kai da sanka! Ka dawo mini da mijina!"

Bai kare ba, bai kauce ba. Yana tsaye yana karɓa har muciyar ta tsage. Sai da maƙwabciyata Hadiyya ta shigo a guje ta rungume ni ta baya, muka zube tare a gindin murhu. Rabi tana ta ihu. Tuwon ya ƙone a tukunya, ƙaurinsa ya cika unguwa.

Ni ko firamare ban ƙarasa ba. Amma abin da idona ya gani yana nan a kaina, kuma ina so in Rabi ta girma ta san wane ne ubanta daga bakina, ba daga bakin mutane ba.

Mu 'yan wani ƙauye ne a bayan Mai'adua. Nu'uman kuwa tela ne a cikin Daura, yana da ɗan shago kusa da kasuwa. Atamfar Inna na kai masa ɗinki, ya yi ta sa ni dawowa. Yau zare ya ƙare, gobe babu wuta, alhali kekensa na ƙafa ne.

"Malam, in ba za ka iya ba ka ba ni kayana."

"Zan iya mana. To in na gama yau, me zai ƙara kawo ki?"

"Kai dai ba ka da kunya."

"Ina da ita, a gida na baro ta."

Haka muka fara.

Baba yana da shanun huɗa biyu. Babban muna ce masa Ƙyalla, saboda farin da ke goshinsa. Yaya Maharazu ne ya raine shi tun yana maraƙi. Shi ya tsaga masa kunnen hagu da shaidar gidanmu, kuma akwai wani fito da yake masa, ko ina san yake in ya ji sai ya taho.

An kawo sadakina, an sa rana. Wata yamma cikin damina Nu'uman ya zo gaida Baba, sai ihu ya tashi daga gona. Wasu ne a kan mashina suka far wa Baba yana huɗa. Ya riƙe igiyar Ƙyalla ya ƙi saki, suka sare shi da adda a kafaɗa da wuya, suka kora shanun suka yi arewa.

A wajenmu in an yi irin wannan sata, duk wani namiji makami yake ɗauka a bi sawu. Maza suka fita, Yaya a gaba. Nu'uman bai bi su ba. Mayafina ya fizge, ya ɗaure Baba a bayansa kamar goyo, ya hau mashin ya nufi asibitin Daura. Ba su kai ba. A hanya Baba ya cika, kansa a kafaɗar Nu'uman.

Masu bin sawu kuma suka dawo hannu biyu.

Ranar sadakar uku, a gaban jama'a, Nu'uman ya je ya durƙusa gaban Yaya.

"Yaya, Baba ya bar maka saƙo a hanya. Ya ce in ce maka ka dawo gida, shanu ne kawai, kada ka..."

Bai rufe baki ba Yaya ya nausa masa hannu.

"Maƙaryaci! Matsoraci! Maza suna daji kai ka gudu birni, yanzu kuma za ka sa wa ubana magana a baki?"

Haƙorin Nu'uman na gaba ya faɗi a tabarma. Ya ɗauka, ya goge jinin bakinsa da hannun riga.

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Inna ta ce Baba da bakinsa ya ba da ni, ba mai warwarewa. Aka ɗaura. Yaya bai zo ba. Na haifi Rabi, bai zo suna ba. In na je ƙauye ya kan amsa gaisuwata, amma da na ce "maigidan yana gaishe ka" sai ya tashi ya bar wurin. Ya watsar da gona. Lahadi yana kasuwar Mai'adua, wata rana yana Zango, wata rana Sandamu, yana bin shanun mutane yana ɗaga musu kunne. Matarsa ta gaji ta koma gidansu.

Ni ina tsakiya. In na kwana a ƙauye ina kewar mijina, in na dawo Daura ina tunanin ɗan'uwana yana lalacewa.

Da kaka, kasuwar ɗinki ta lafa, ƙungiyar telolinsu ta shirya yawon buɗe ido zuwa Damagaram, kowa da iyalinsa. Tun Sallah suke adashe dominsa. Tafiya ce ta talakawa: tsohuwar bas aka ɗauko haya, kowa ya riƙo abincinsa da tabarmarsa. Malam Sha'aban, shugaban ƙungiyar, shi ya san mutane a can da za su ba mu masauki.

Na yi ta murna, ban taɓa tsallaka iyaka ba. Ina soya nama Nu'uman ya shigo ya tsuguna kusa da ni.

"Yelwata, kujera guda ta rage a motar."

"To a ba Hadiyya ta sa buhunanta, ka san ta da kaya."

"Yaya zan kai wa."

Na ajiye matsamin.

"Ɗayan haƙorin ne ya dame ka?"

Ya yi dariya, gibin ya bayyana. "In ya cire shi ma ai ya daidaita mini fuska. Ki saurara, sahibata. Mutum ba ya iya tashi ya bar wuri a cikin mota. Dole ya zauna ya ga 'yar ƙanwarsa. Ni ba don kaina ba ne. Na gaji da ganin kina kuka a ɓoye duk ranar da kika dawo daga ƙauye."

Ya je har gida ya same shi. Yaya bai dube shi ba, Inna ya duba.

"Zan je. Amma ba don shi ba. Kasuwannin tsallake ne kawai ban duba ba."

Da sassafe muka tashi daga Daura. Direban, Mati, ya ce wa motar tasa Amarya, duk da ƙofarta da igiya ake ɗaure ta.

"Wannan amaryar ai ta yi jikoki!" in ji Hadiyya.

"Hajiya, ki yi mata magana mai daɗi, tana da fushi. In ta tsaya ke za ki tura."

Muka wuce Kwangwalam, aka duba takardu, muka shiga Nijar. Ni na zaci zan ga wata duniya dabam, sai ga mutane irinmu, gero irin namu an ɗaure damma-damma a gonaki. Amma da muka yi gaba ƙasar ta buɗe. Giginya a jere kamar an shuka su da igiya, farin rairayi, raƙuma suna tafe ba su damu da kowa ba. A wajen Matamaye fadamar rake ce kore shar har inda ido ya tsaya. Mati ya tsaya, maza suka sayo, motar ta cika da tsotso da surutu. Nu'uman yana fere mini yana sa mini a baki, Hadiyya tana tafa hannu.

"Oh ni! Ku ji tsoron Allah, akwai gwauraye a motar nan!"

Yaya yana can kujerar baya, jikin taga. Ba ya kallon giginya, ba ya kallon rake. In muka wuce garke sai ya miƙe tsaye yana bin su da ido har su ɓace. Nu'uman ya fere gaɓa guda ya miƙa baya, hannu zuwa hannu har ta kai gare shi. Ya karɓa, ya jefar ta taga.

Na ji kamar in nutse. Nu'uman ya matsa mini hannu.

"Bari kawai. Hanya da nisa."

A Damagaram wata makarantar boko aka sauke mu, su lakwal suke ce mata, mata aji guda maza aji guda. Muka zaga tsohon gari, muka ga duwatsun nan manya-manya da suka hau kan juna kamar an jera tukwane. Washegari aka kai mu wani babban tafki a bayan gari, ga dabino a gefe, ga fararen tsuntsaye sun rufe ruwan. Ban taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba.

A nan muka shimfiɗa tabarmi. Rabi lokacin tana rarrafe. Ina zuba dambu ban lura ba, ashe ta bi rairayi ta nufi inda Yaya yake zaune shi kaɗai. Ta kama gwiwarsa ta miƙe tsaye, ta kai hannu gemunsa.

Na yunƙura zan ɗauko ta, Nu'uman ya riƙe mini zani.

Yaya ya daɗe yana kallonta. Sai ya ɗauke ta.

"Ke, goshin Baba kika kwaso," ya ce a hankali.

Ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi da ita bakin ruwa yana nuna mata tsuntsaye. Da ya dawo da ita, Nu'uman ya tura kwanon dambu gabansa. Yaya ya tsaya. Ya tsuguna. Ya ci loma biyu ko uku, ya tashi.

A kwano ɗaya da mijina!

Na juya baya ina share hawaye da bakin mayafi. Nu'uman ya raɗa mini, "Ba na ce miki ba? Kafin mu kai Kwangwalam a komawa sai ya kira sunana."

Ranar komawa, Malam Sha'aban ya ce akwai wani ƙauye a hanya da kasuwarsa ke ci, a tsaya mata su sayi cuku da dabino da araha. Mati ya ajiye motar a bakin titi. Na goya Rabi, muka shiga. Nu'uman ya tsaya wajen wani maƙeri yana gwada mini 'yan kunne. Yaya kuwa ko waiwaye bai yi ba, kara ya nufa, wajen shanu.

Ina duba fuskata a ɗan madubin maƙerin na ji fiton.

Fiton Ƙyalla ne, ban ji shi ba tun ranar da aka kashe Baba.

Na juya. Can a bakin kara wani sa ya ɗaga kai yana jan igiya, yana kuka. Ya rame, ya tsufa, amma ga farin goshin nan. Yaya ya rungume wuyansa, ya ɗaga kunnen hagu ya duba, ya kifa fuskarsa a jikin san.

A kasuwar Mai'adua, in ka ga dabbarka da aka sace, kwance ta kake daga turke ka ja ta gaban sarkin kara, a kira mai sayarwa a yi bincike. Kowa ya san haka, kuma kowa ya san Maharazu ɗan gidan wane ne. Abin da ya saba shi ya yi. Ya kwance igiyar. Mai san ya tafi shan ruwa, ba ya wurin. Yaya bai san inda sarkin kararsu yake zama ba, sai ya nufo bakin titi inda ya hango rumfuna, san yana binsa a baya kamar ɗan akuya.

Su kuma abin da suka gani dabam ne. Baƙo ya kwance sa yana nufar motar Najeriya da shi. Daga baya muka ji ashe cikin makon ɓarayi sun kore musu shanu, sun kashe wani makiyayi ɗan garin.

"Ɓarawo!"

Murya ɗaya ce ta fara. Kafin in ƙifta ido kasuwar duka ta ɗauka.

"Ɓarawo! Ku tare shi! Ga motarsu can!"

Yaya ya ɗaga hannu. "Ku tsaya! San ubana ne! Ku duba kunnen..."

Gora ta sauka a bakinsa. Wata a gadon bayansa. Ya faɗi a gwiwa, amma bai saki igiyar ba. Wani ya taka hannun, ya ɗaga ƙotar gatari ya yi ta sauke masa a yatsu, ina jin ƙarar ƙashi daga inda nake. Ƙyalla ya firgita ya kai wa wani saurayi ƙaho a cinya, jini ya yi tsartuwa. Ganin jinin ɗan garinsu ya ƙarasa haukata su. Duwatsu suka fara sauka. Na ji wani yana cewa a kawo fetur.

"Yaya! Wayyo Allah, Yayana!"

Na zabura, Hadiyya ta cafke ni. "Da goyo? Kina hauka ne? Za su tattake yarinyar!"

Nu'uman ya saka 'yan kunnen a tafin hannuna, ya naɗe yatsuna a kai.

"Ki kai Rabi mota."

"Kada ka je! Don Allah kada ka je, za su kashe ka!"

"In na tsaya nan, Yelwa, da wane ido zan ƙara kallonki?"

Ya ruga. Mutum ne siriri, bai taɓa faɗa da kowa ba. Na ga yana ture ƙarti yana kutsawa, yana ihu.

"Wana ne! Wana ne! Baƙi ne mu, ku ji tsoron Allah! Ku kira hukuma!"

Ba mai jinsa. Da ya ga haka sai ya faɗa kan Yaya ya rufe shi da jikinsa, ya rungume kansa a ƙirji. Duk abin da aka ɗago don Yaya a kansa ya sauka. Sanduna, duwatsu, ƙafafu. Farar rigarsa ta koma ja ina kallo. Wani ƙato ya ɗago ƙotar gatarin nan da hannu biyu ya sauke masa a ƙeya.

Na ga ƙafafunsa sun miƙe.

Wasu suka yo kan motarmu. Dutse ya fasa gilashi, mata suna salati, yara suna kuka. Hadiyya ta danna ni ƙarƙashin kujera, ta kwanta a kaina ni da Rabi. Malam Sha'aban ne ya ruga ya samo jandarmomi, jami'an tsaron Nijar, a bakin hanya. Sai da suka yi harbi sama kafin mutane su watse.

Da aka ɗaga Nu'uman daga kan Yaya, sai da aka ɓamɓare hannuwansa.

Aka koma da su babban asibitin Damagaram. Ina cikin motar ina riƙe da kan Nu'uman a cinyata, ina kiransa da duk sunan da na taɓa kiransa da shi. Ikon Allah, da yamma ya farfaɗo. Washegari har ya zauna, kai naɗe da bandeji, ya sha kunu. Yaya yana gadon kusa da shi, hannun dama a ɗaure, ya juya fuska bango.

Jandarmomi suka ce motarmu ta bar garin, Yaya kuma ya zauna har a gama bincike. Rabi ta kwana da zazzaɓi tun firgitar da ta yi. Na ce ba inda za ni.

"Ki tafi, sahibata. Yarinyar nan gida take so."

"In bar ka da wa?"

"Ga Yaya."

"Shi da ya jawo..."

"Yelwa." Ya girgiza kai a hankali. "Kada ki ƙarasa. Da ke ce kika ga Ƙyalla, ba za ki rungume shi ba?"

Na fashe da kuka. Ya share mini da babban yatsa.

"Haba, kalli yadda suka gyara ni, gibin ya zama biyu. Yanzu ai sai ki ƙara sona. Sa 'yan kunnen in gani."

Na sa. Ya daɗe yana kallo.

"Sun yi miki. Ki je, jibi ko gata muna tafe. Ki tuƙa mini tuwo da miyar kuka, abincin asibitin nan ba gishiri."

Tuwon da nake tuƙawa ke nan ranar da Yaya ya shigo shi kaɗai. Jini ne ya taru wa Nu'uman a cikin kai, in ji likita. Yana cikin magana ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, bai tashi ba.

A ƙauye na yi takaba, a ɗakin Inna. Ban yi wa Yaya magana ba. In ya shigo tsakar gida sai in shige ɗaki. In ya yi sallama ba na amsawa. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta gaji.

"Yelwa, ɗaya yana ƙasa, ya tafi. Wanda ya rage ma so kike in rasa?"

"Inna, ki bar ni."

Ya daina zuwa kasuwanni. Ya daina fita ma. Hannun nasa mai ɗori ya gyara abin da ya gyaru, ya ce sai an riƙa murza yatsun da man shanu kullum ana lanƙwasa su, in ba haka ba za su sandare. Inna hannunta rawa yake, ba ta iyawa. Shi kuma bai nemi kowa ba.

Wata safiya ina ɗaki na ji ya zauna a bakin ƙofa, ta bayan labule.

"Ba sai kin amsa ba. Ki ji kawai."

Na matso kusa da labulen.

"Bayan tafiyarku na tambaye shi. Na ce, Nu'uman, da gaske Baba ya faɗi maganar nan? Ya ce wallahi Yaya ya faɗa, har sau biyu, bakinsa a kunnena. Na ce me ya sa ka faɗo kaina, bayan abin da na yi maka? Ya ce, Baba na goya ban kai shi ba. Ba zan koma wa Yelwa da gawa ta biyu ba."

Na cusa bakin zani a bakina.

"Ya yi dariya, ya ce, Yaya ka kira sunana fa, ka shaida wa Yelwa, mun yi musu da ita." Ya ci gaba. "Ni na riƙe shi har ya cika. Da hannu ɗaya na yi masa wanka, Yelwa. Mutanen garin nan da suka dake mu, wasunsu sun zo jana'iza suna kuka. Mai san ma ya zo. Saye ya yi a hannun wani, shi ma a hannun wani. Ya ce in tafi da Ƙyalla."

Ban san sanda na yi magana ba.

"Ina yake?"

"Na bar masa."

Ya jira ko zan ƙara cewa wani abu. Ya tashi.

Da azahar na leƙa ta labule. Yana tsugune gindin bango zai yi alwala. Ya matse buta da gwiwa, yana ƙoƙarin buɗe yatsun dama da na hagu, sun ƙi. Butar ta kife, ruwan ya bi ƙasa. Ya zauna a wurin yana kallon hannun, kafaɗunsa suna rawa, ba sauti.

Na daɗe a tsaye. Na tuna gadon bayan mijina da aka farfasa don kada a fasa wannan mutumin. In na bar shi ya lalace, to a banza mijina ya kwanta a kansa.

Na ɗauko kwalbar man shanun Inna na fita. Na tsuguna gabansa.

"Kawo."

"Yelwa..."

"Yaya, kawo hannun, kada ka sa in fasa."

Ya miƙo. Na kama ɗan yatsan farko na lanƙwasa, ya cije leɓe, ni ma ina kuka shi ma yana yi, Inna tana bakin madafa ta toshe baki da hannu.

Takaba ta ƙare tuntuni. Rabi tana gudu yanzu, Kawu take ce wa Yaya, shi ke kai ta gona a kafaɗa. Ban koma Daura ba. Akwai ranakun da har yau in na dube shi zuciyata ke tafasa, shi ma ya sani, sai ya sunkuyar da kai.

Amma kullum da hantsi yakan zo ya zauna a kan turmi ya miƙo hannu. Uku daga cikin yatsun sun dawo, yana riƙe fartanya da su. Biyun mai ɗori ya ce in daina wahalar da kaina, ba za su ƙara motsi ba.

Ina murza su duk da haka.